Yi Masa Magana Tun Bai Iya Amsawa Ba

Na san da yawanku kuna karanta wannan ne waya a hannu ɗaya, jariri a ɗaya hannun, ko kuma yana goye a baya yana barci. To a kansa zan yi magana yau, a kan abin da ke gudana cikin ɗan kan nan nasa mai laushin maɗiga, wanda sikelin awo ba ya nunawa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. A Giyawa aka haife ni, cikin ƙaramar hukumar Goronyo, kuma yawancin shekarun aikina na yi su ne tsakanin ɗakin awon yara da na masu tamowa a wannan yanki namu na gabashin Sakkwato. Akwai tambayar da na saba yi wa mai jego bayan na duba cibiya da nono: "Kina yi masa hira?" Daga Wurno har Rabah amsar kusan ɗaya ce. Sai ta yi dariya, ta rufe baki da gefen hijabi, ta ce, "Sista, mi zan ce mai? Ai bai jin magana." Wata ma ce mini ta yi in aka gan ta tana zance da jinjiri, cewa za a yi ta taɓu.

Haka muka taso muna ɗauka: hankali kamar haƙori ne, lokacinsa na yi zai fito, iyakar namu mu ba da nono, mu yi wanka, mu kore sauro. Hankali baiwar Allah ce, babu ja a nan. Amma kamar yadda Ya sanya ruwa ya zama sababin tsiro, haka Ya sanya wa ƙwaƙwalwa nata sababin, kuma kaso mai yawa na wannan sababi yana bakinki da hannunki da idonki.

Ƙwaƙwalwar babban mutum na da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma jariri na zuwa duniya da kusan dukkansu. Duk da haka nauyin ƙwaƙwalwarsa ranar haihuwa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ta babba ba, kafin ya cika shekara biyu kuwa ta kai kusan kashi uku cikin huɗu. Yawancin abin da ya ƙaru rassa ne da mahaɗai tsakanin ƙwayoyin. Masana sun ƙiyasta cewa a shekarun farko ana ƙulla sabbin mahaɗai sama da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Kafin ki gama karanta wannan sakin layi an ƙulla miliyoyi a kan wanda ke cinyarki.

A kowace mahaɗa, ƙwayoyin biyu ba sa taɓa juna, akwai ɗan tsaki tsakaninsu. Ta farko takan saki wani sinadari, ɗan aike, ya tsallaka. Ta biyun tana da 'yan ƙananan ƙofofi a jikinta, kowace ƙofa ta san ɗan aiken da take buɗe wa. Waɗannan ƙofofi su zan riƙa kira makarɓa. Kin san aikinsu ko ba ki san sunansu ba. Allurar ketamin da ake yi wa wasu mata in za a yi musu aikin ciro ɗa, wani rukunin makarɓa take toshewa, sai mace ta daina jin yanka. Shi kuma matashin da ya fara da tiramol ɗaya yau yake shan biyar, makarɓansa ne suka gaji da bugun ƙofa suka rage amsawa. Ke nan makarɓa ba a kafe suke ba. Suna ƙaruwa, suna raguwa, suna sauya iri, gwargwadon abin da ke ta isowa gare su. A jikin jariri kuwa wannan sauyi ya fi na kowa sauri.

Babban ɗan aike a ƙwaƙwalwa sunansa gulutamet, kuma makarɓansa biyu ne suka shafi zancenmu, ɗaya ana ce masa AMPA, ɗaya NMDA. Da yawa daga cikin mahaɗan jariri shiru suke: suna da NMDA kaɗai, shi kuma bakinsa a toshe yake da sinadarin maganiziyam, kamar kwalbar da aka cusa wa totuwa. Toshiyar ba ta fita sai saƙo ya iso a daidai lokacin da ƙwayar ta riga ta motsa saboda wasu saƙonnin. Wato sai abubuwa sun zo tare: fuskarki da muryarki, ƙanshin nono da ɗumin ƙirjinki, ya miƙa hannu ya ji yatsanki. To a nan toshiyar kan fice, sinadarin kalsiyam ya shiga, ƙwayar ta kawo makarɓan AMPA ta dasa a wurin. Mahaɗar da ke shiru ta fara aiki. In aka yi ta maimaitawa ta yi ƙarfi. Wadda kuwa ba a bi ta kanta, daga baya ƙwaƙwalwa kan share ta.

Duk wadda ta taɓa kai abinci fadama lokacin noman rani ta ga kwatankwacin wannan. Ruwan da madatsar Goronyo ke sakowa cikin gulbin Rima ɗaya ne, amma albasar da ta sha ita ce wadda aka buɗe wa bakin kwaminta. Hanyar da ruwa ke bi kullum takan zauna a share, wadda aka bari ƙasa da ciyawa su cike ta. Bambancin kawai, a ƙwaƙwalwar yaro ruwan da kansa ne ke yanke shawarar inda za a yi ƙofa.

Shi kansa NMDA iri biyu ne. Na jarirai yakan daɗe a buɗe, shi ya sa komai ke saurin kama su. Yayin da ake ta amfani da hanya, sai a riƙa musanya shi da na manya mai saurin rufewa, abin da aka koya ya zauna. A 1999 wasu masu bincike a Amurka suka nuna cewa 'ya'yan ɓerayen da aka raina cikin duhu tun haihuwa, ɓangaren ganinsu ya tsaya da makarɓan jarirai, bai yi musanyar ba. Da aka fito da su haske, cikin awa ɗaya sabon irin ya fara bayyana. Ba kwanakin haihuwa kaɗai ƙwaƙwalwa ke ƙirgawa ba, tana jiran abin da ido zai gani.

Sai dai jiran yana da iyaka, kuma nan ne nake so ki natsu. A farkon shekarun 1960, David Hubel da Torsten Wiesel na Jami'ar Harvard suka rufe wa 'yan kyanwa ido ɗaya na tsawon watannin farko na rayuwarsu. Da suka buɗe, idon lafiyarsa ƙalau, amma kyanwar ba ta gani da shi, domin ɗaya idon ya riga ya mamaye wurinsa a ƙwaƙwalwa. Da suka yi wa babbar kyanwa haka, babu abin da ya same ta. Aikinsu kan gani ya ba su kyautar Nobel a 1981, ya kuma sauya yadda likitoci ke kallon idon jarirai.

Na taɓa karɓar wani yaro ɗan shekara biyar da aka kawo saboda zazzaɓi, na ga fari tas a tsakiyar baƙin idonsa na hagu. Na tambayi kakarsa tun yaushe. Ta ce tun ran suna suka gani, amma suka ce a bari ya yi wayo, wa zai kai jinjiri a taɓa masa ido da wuƙa? Tausayi ne ya sa suka jira, ba sakaci ba. An tura shi Sakkwato, an cire yanar, ido ya yi fes a gani. Amma da suka dawo, in aka rufe masa na dama, yatsun hannuna ma ba ya iya ƙirgawa. Yanar da aka haifi jariri da ita, likitocin ido sun fi son a cire ta cikin makonni shida zuwa goma na farko. Saboda haka in kin ga fari a ƙwayar idon jaririnki, ko a hoton da kika ɗauke shi da waya ido ɗaya ya yi fari, kada ki jira arba'in ma, domin bayan yana akwai wata cutar daji ta idon yara da ke fara nuna kanta haka. Ki nemi a tura ku sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Haka ma harara-garke: in jariri ya wuce wata huɗu ido ɗaya na ci gaba da karkacewa, ƙwaƙwalwa za ta fara yin watsi da shi. Gyaran yakan fi kamawa kafin shekara bakwai, wani lokaci da tabarau ne kawai da rufe lafiyayyen idon na wasu awanni a rana.

Kunne ma haka. Ɗan tayi na ji tun yana ciki a watannin ƙarshe, kuma jaririn kwana biyu ya fi karkata ga muryar uwarsa a kan ta wata mace. Ga wani abin da ke ba ni sha'awa. Kin taɓa lura yadda wanda ya koyi Hausa da girma yake fama da "bata" da "ɓata", ko "kafa" da "ƙafa"? Ba harshensa ne kawai ya ƙi ba, sau da yawa kunnensa ma ba ya rarrabewa. A 1984 Janet Werker da Richard Tees a Kanada suka gwada jariran da Turanci kaɗai ake yi a gidajensu da wasu sautukan Indiyanci, irin wanda muke ji a fina-finai. 'Yan wata shida zuwa takwas sun rarrabe sautukan da iyayensu ba sa iya rarrabewa. Kafin su cika shekara, yawancinsu sun daina. Ƙwaƙwalwa ta riƙe abin da take ji kullum, ta saki saura. Ke nan wanda kike cewa bai jin magana, a watannin nan yake zaɓen ɓ da ɗ da ƙ, yake koyon tsawo da gajartar wasali da ke raba "gari" na tuwo da "gari" na mutane.

Yanzu bari in taɓo wayar da ke hannunki, kada ki ji haushi, ni ma da ita nake rubutu. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta haɗa jarirai 'yan wata tara da masu jin Sinanci, zama goma sha biyu cikin wata guda, ana wasa da su ana karanta musu littafi. Jariran suka koyi rarrabe sautukan Sinanci. Wani rukunin aka nuna musu mutanen nan a talabijin, suna faɗin irin abubuwan nan. Ba su koyi komai ba. Allo ba ya jira jariri ya yi "aa" sannan ya amsa, ba ya bin idonsa ya ga abin da yake kallo. Ki tuna toshiyar nan ba ta fita sai abubuwa sun zo tare a kan lokaci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allo, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. A nawa ganin, katun ɗin da ake kunna wa yaro bai kai wani abu ɓarna ba: shayarwa ido na kan waya. Jariri sabon haihuwa ya fi gani a tazarar kamar taƙi ɗaya, daidai nisan nono da fuskarki. Ya ɗago ya neme ki, sai ya tarar da bayan waya.

Abin da za ki ce masa kuwa bai da wuya. Faɗa masa abin da kike yi. "Bari mu ɗauraye gero. Ka ji akuya? Ga Baba ya dawo." In ya yi gwaranci ki dakata, ki amsa kamar ya faɗi magana. A nan ma muna da arzikin da ba mu san darajarsa ba. Yaron da ke goye a baya yana jin bugun daka, yana jin gaisuwar maƙwabta, ana miƙa shi daga hannun goggo zuwa na yaya, ya fi wanda aka ajiye shi kaɗai a gado mai tsada samun abincin ƙwaƙwalwa.

To ga inda na san za mu yi gardama: kunyar ɗan fari. Mu nan, musamman gidajen da ke da jinin Fulani, yarinya takan haihu ta kau da kai. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, in yana kuka gaban surukai sai ta yi kamar ba ta ji ba har wani ya ce ta ɗauke shi. Na ga wadda ke shayarwa fuskarta na kallon bango. Ana yaba mata, a ce tana da alkunya. Ni ma cikin wannan tarbiyya na tashi, kuma ban raina ta ba. Amma ki saurari wannan.

Michael Meaney da abokan aikinsa a Jami'ar McGill ta Kanada sun lura cewa iyayen ɓeraye sun bambanta: wasu na yawan lasar 'ya'yansu da gyara su a makon farko, wasu kaɗan suke yi. 'Ya'yan da aka lasa sosai suka girma da makarɓan sinadarin firgici masu yawa a wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfos. Wannan sinadari, wanda namu na mutane ake kira kotisol, shi jiki ke saki in an tsorata. Makarɓan nan su ne ke jin ya yi yawa su ce a tsaya haka. Mai su da yawa yakan firgita ya dawo daidai da wuri, mai kaɗan yakan daɗe jiki na rawa. A 2004 suka nuna yadda abin ke faruwa: lasar uwa tana cire wata alama da ke danne umarnin ƙera makarɓan a cikin ƙwayar halitta. Abin da ya fi burge ni shi ne da suka yi musanyar 'ya'ya. Ɗan da uwa marar lasa ta haifa, in mai lasa ta raine shi, halin mai rainon yake ɗauka.

Ɓera ba mutum ba ne, kuma rainon ɗan Adam ya fi lasa faɗi. Amma a 2009 an ga irin wannan alama a ƙwaƙwalwar mamatan da aka gallaza wa suna yara. Sannan ga abin da duniya ta gani a Romaniya bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a 1989: yara sama da dubu ɗari a gidajen marayu, da yawansu kwance a gadaje, ba mai ɗauka, ba mai yi musu magana. Wani bincike da ya bi 136 daga cikin irin waɗannan yara a Bukarest ya gano cewa waɗanda aka mayar hannun iyalai sun fi waɗanda aka bari ci gaba a fahimta, kuma waɗanda aka mayar kafin shekara biyu su suka fi amfana.

Ba ina cewa ɗan farinmu maraya ne ba. Hikimar tsohon tsari ita ce inda uwa ta kau da kai, akwai kaka da goggo da kishiyar uwa da suka zuba ido, kuma musanyar 'ya'yan ɓerayen nan ta nuna ƙwaƙwalwa ba ta tambayar wa ya haifa, wa ya riƙe take tambaya. Matsalar ita ce gidan ya sauya, kunyar ba ta sauya ba. Yau amarya na ɗaki ɗaya a Sakkwato ko Abuja, miji ya fita tun safe, babu kaka babu goggo, ita kuma tana nan tana kunyar bango. In haka ne zamanki, 'yar'uwa, wa kike jin kunya? Ki sakaya sunan in kina so, ki kira shi da laƙabi, gaban surukai ki sunkuyar da kai yadda aka koya miki. Amma in kun shiga ɗaki ku biyu, ki dube shi cikin ido.

Maganar firgici kuwa a yankinmu ba ta littafi ba ce. Tun kafin harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021, wanda ya ci rayuka sama da 40, har zuwa yau, akwai ƙauyukan da mata ke kwana da goyo a baya saboda ko za a gudu cikin dare. Giyawa ma ba ta tsira ba. Ina ganin yaran da ƙarar babur ke sa su ƙanƙame uwa su ƙi saki. Ba ni da maganin 'yan bindiga, kuma ba zan ɗora wa uwar da ta baro gidanta da zane ɗaya wani sabon laifi ba. Abin da zan iya faɗa mata shi ne, jikin yaro ba ya auna tsoro da girman abin da ya faru kaɗai, yana aunawa da ko akwai wanda ya rungume shi. Riƙo a ƙirji, fata da fata, da murya a hankali suna sauko da kotisol. Sai dai uwar da ita kanta ta daskare ba ta iya wannan. In kin ga maƙwabciya ta daina magana, ta daina cin abinci, jariri na kuka tana kallon wuri ɗaya, ba rashin imani ba ne, ba kuma lalaci ba. Ciwo ne, yana da magani. Ki karɓi yaron na awa ɗaya, ki raka ta asibiti.

A ɗakin masu tamowa na fi ganin wannan ƙarara. Wata 'yar gudun hijira ta zo da 'yarta 'yar wata goma sha huɗu, awon dantse ya nuna ja. Muka bi ƙa'ida, madara, magani, sannan abincin gyaɗar nan na leda. Nauyi ya fara hawa, amma yarinyar na kwance kamar 'yar tsana, ba ta bin kowa da ido. Uwar ma haka. Wata tsohuwa mai jinyar jikanta a gadon kusa ita ta ɗaure 'yan duwatsu cikin gorar roba ta riƙa kaɗa mata, tana kiranta "amaryata". Kwana na huɗu yarinyar ta miƙa hannu. Uwar ta fashe da kuka, ta ce rabon da ta ga haka tun suna gida. Cikin matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara na jinyar tamowa mai tsanani, na tara shi ne wasa da nuna ƙauna, kuma shi aka fi tsallakewa in aiki ya yi yawa. A Kingston ta Jamaika, daga 1986, an bi yara 129 da suka tsumbure. Wasu daga cikinsu ma'aikaciyar lafiya na zuwa gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana koya wa uwa wasa da yaro da kayan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin, waɗanda aka yi wa wasan sun fi takwarorinsu samun kuɗin shiga da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Ki lura waɗannan yara sun riga sun tsumbure kafin a fara. Don haka in naki ya shekara biyu ko uku kina jin kin makara, ba ki makara ba. Ƙofar gani ce ke saurin rufewa, ta harshe da ta hali sun fi ta daɗewa a buɗe.

Saura abu ɗaya, wanda ba ya gina makarɓa, toshe su yake yi. Maƙwabtanmu na Zamfara ba za su manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Dubbai sun rayu da gubar a jini. Dalma na shiga inda kalsiyam ke shiga, tana kuma danne makarɓan NMDA ɗin nan da muka ce su ne mabuɗin koyo. Bincike a kan ɓeraye ya nuna tana dagula musanyar makarɓan jarirai zuwa na manya. Kaɗan ɗinta ba ya kawo suma ko zazzaɓi, sai dai yaro ya shiga makaranta a ce ba ya ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma cikin yaro na tsotse ta ninki huɗu zuwa biyar na babba, balle in yana da ƙarancin jini.

Za ki ce mu ba ma haƙar zinariya. Amma muna da tandu. Kwallin dutse mai ƙyalli da ake niƙawa, sau da yawa dutsen dalma ne. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan wasu 'yan Nijeriya. Da aka auna kwallin da aka kai musu daga gida ana sa masa, sama da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Jariri yakan murza ido ya kai hannu baki, hawaye kuma na gangarawa ta hanci zuwa maƙogwaro. Da ido ba za ki rarrabe mai dalma da marar ita ba, shi ya sa nake cewa a bar idon jariri haka nan. Kwalli ba ya ƙara masa gani, haske da fuskoki ne ke yi.

Na san ba ke ce mai tandun ba. Ranar da na faɗa wa Inna haka a kan ɗiyata, kallona ta yi sama da ƙasa ta ce, "Mu da munka haife ku, kwalli munka sa muku. Kun makance?" Ban ce mata komai ba a ranar, don ba a gardama da mai yi maka wankan jego. Washegari na ba ta labarin yaran Zamfara, wanda ta riga ta ji a rediyo, na ce mata dutsen ɗan'uwan wancan ne. Ta yi shiru, ta ce to a bari sai yarinya ta yi wayo. Muka tsaya a nan, kuma har yau tandun na cikin kwallarta.

In taki surukar ta fi Inna tauri, kada ki ja da ita, kada kuma ki sa mijinki tsakiya. Ranar rigakafin sati shida ki ce mata ba ki iya riƙe yaro in ana allura, ta rako ki. In kun zo ki yi wa ma'aikaciyar jinya raɗa tun a bakin ƙofa. Mu mun saba shan faɗan tsofaffi, kuma abin da ba za ta karɓa daga bakinki ba takan karɓa daga mai farar riga.